Ruwan Bara a Kan Soron Kakata

Mun tashi da asuba daga Birnin Kebbi, mutane na fitowa daga masallaci, ni da baffana, ƙanen mahaifina, a tsohuwar motarsa da ƙofarta ɗaya ba ta buɗuwa sai ta waje. Kujerar baya babu kowa. Mahaifiyata ta shimfiɗa bargo a kanta, ta ajiye matashi biyu, kuma duk mun san don wa aka yi shimfiɗar. Mahaifina ya riga ya yanke magana: idan ɗakin Kaka ba zai gyaru kafin ruwa ya sauka ba, a ɗauko ta a kawo ta Birni, ko tana so ko ba ta so.

Kaka ita ce mahaifiyarsu. Tana zaune a wani ƙaramin ƙauye a yankin Lafagu, ƙasar Bagudo, ba nisa da iyakar Benin. Ɗakinta soro ne mai rufin ƙasa, shi kaɗai ya rage a ƙauyen, sauran duk kwano ne ko jinka. Marigayi kakana ne ya gina mata shi tun kafin a haifi mahaifina. Kowace bazara akan hau a sake shafe rufin da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorowa da ake kwaɓawa da jar ƙasa don kada ruwan sama ya ratsa. Shekara biyu da suka wuce, ina tsakiyar karatun fasahar gini, na dubi wannan wahala ta kowace shekara, na ce wa mahaifina a zuba siminti a kai kowa ya huta. Har zane na yi masa a takarda. Ya ji daɗi, ya nuna wa abokansa. Daminar farko ta wuce lafiya. A ta biyu ruwa ya riƙa ɗiga a kan gadon Kaka, ta zauna tsakanin kwanoni da robobi, tari ya kama ta bai sake ta ba sai bayan girbi. Ku da kuke tambayata me ya kai ni bakin iyaka a wannan zafi, abin da ya kai ni ke nan.

Gari ya waye mana kafin Jega. Ƙasa ta bushe ƙurmus, gonaki a share suna jiran shuka, itatuwan ɗorowa sun rataya 'ya'yansu dogaye kamar yatsu. Ban iya kallon komai ba sai rufin gidaje. Da ma haka zuciya take idan ta ɗauki abu ɗaya. Na ga kwanon da ya yi tsatsa ya koma launin goro, an danne shi da duwatsu da tsofaffin tayoyi. Na ga sabon kwano shuɗi mai ƙyalli a kan gidan da ko taga ba a sa masa ba. A Koko muka tsaya shan fetur, na sayi masa mai zafi da tulin mangwaro na ɗari biyar. Baffa ya ce mai mangwaron ta ga gilashin idona ta ƙara kuɗi, ya ce nan gaba in cire shi kafin in fito daga mota.

Daga nan hanya ta fara nuna halinta. Wani wuri kwalta sumul, wani wuri ramuka har sai mota ta sauka gefe ta bi sawun amalanke. A Bagudo muka karya da kyau, tuwon shinkafa da miyar kifi, a rumfar wata mata 'yar Kende da ta rantse kifinta bai kwana ba. A gefen rumfar wani mutum yana jiƙa farin soson nan da ake naɗe firji da shi a cikin gwangwanin fetur. Soson ya narke ya zama danƙo, mutumin ya hau kan rumfa yana liƙe ramukan ƙusa da shi ɗaya bayan ɗaya. Na tsaya ina kallo har tuwona ya huce. Ba a koya mana wannan a aji ba.

Sai kogin Kwara. Na sha ƙetare gadar nan tun ina ƙarama, amma har yau ban saba da ganin kogin ba. Ko a ƙarshen rani, da ruwa ya ja baya ya bar tsibiran yashi farare, faɗinsa ya fi ƙarfin ido. Shanu suna kiwo a fadama, farare kamar an watsa auduga. A bakin ruwa masunta sun kifa wani jirgi suna cusa tsumma a tsakanin katakansa, suna bi da narkakkiyar kwalta. Na yi tunanin cewa jirgi da ɗaki aikinsu ɗaya ne, jirgi yana hana ruwan ƙasa shigowa, ɗaki kuma na sama. Na faɗa wa Baffa. Ya ce in bar waƙa in riƙe mangwaro, ga rami nan tafe.

Mun isa bayan azahar, jikinmu ja da ƙura. Kaka na zaune a inuwar bangon ɗakinta, da ƙwarya a cinya, tana ɓare gyaɗar iri. Ta rame fiye da yadda na bar ta, amma idonta na nan da kaifinsa. Na durƙusa na gaishe ta.

"Injiniya, kin iso?" in ji ta. "Shiga ki diba aikinki, shina nan shina jiranki."

Baffa ya fara kawo maganar Birni a hankali, da asibiti kusa da fanka da jikoki. Ba ta ɗago ba.

"Ni ba ni zuwa. Nan anka kawo ni, nan nih haife ku. Ku dai cire min wanga dutse da kunka aza min bisa kai."

Na shiga ɗakin. Waje rana na ƙuna, ciki kuwa sanyi kamar bakin randa. Da idona ya saba da duhu na ɗaga kai, sai na ga abin da na sha gani ban taɓa dubawa ba. Azara, wato faskararren itacen giginya, an jera ta baƙa ƙirin, gajeru a kan dogaye, kowace ta karkata ta haɗu da 'yar'uwarta kamar saƙar tabarma. Manyan azara huɗu da aka ɗaure wuri ɗaya sun ratsa tsakiyar ɗakin, su ke ɗauke da sauran duka. Babu ƙusa ko ɗaya. Sama da shekara hamsin wannan saƙa tana riƙe da nauyin ƙasa a kan mutanen da ke barci. A saitin gado kuwa ga tabo, faffaɗa, fari-fari da fumfuna, kamar taswirar wata ƙasa. Na daɗe tsaye a ƙarƙashinsa.

Washegari da hantsi maginin da aka aika a kira ya iso a bayan kabu-kabu daga wajen Geza. Tsoho ne siriri, gemunsa fari, tafin ƙafarsa a tsattsage. Yana saurayi ya yi aiki a ginin wannan soro, yana miƙa ƙasa. Ya gaisa da Kaka gaisuwa mai tsawo, rabi Hausa rabi Dendi, sannan ya sa aka jingina tsani. Ya cire takalmi ya hau. Na ɗaure zanena na bi shi, matan maƙwabta na leƙe ta kan danga suna dariya.

Daga sama simintin ya yi kyau, fari, a shafe. Tsohon ya tsaya yana kallonsa.

"Wa yas sa anka yi wanga aiki?"

Baffa, da ke kan tsani, ya shiga kallon wata shirwa a sama. Na ce, "Ni ce, Baba."

"To madalla. Ke za ki riƙe min buta."

Ya ɗauki sandarsa ya riƙa ƙwanƙwasa rufin taki bayan taki, kansa a karkace yana saurare. Wani wuri sautin ya fito a cike, wani wuri ya yi ƙwal-ƙwal kamar busasshiyar ƙwarya. Duk inda ya ji haka sai ya zana da gawayi. Sannan ya ce in tsiyaya ruwa a tsakiya. Na tsiyaya. Ya kamata ruwan ya gangara zuwa indararo, bututun da ke fitar da shi daga rufi. Sai ya yi ɗan jim, ya juya baya, ya tafi ya kwanta a wani kwari da ido ba ya gani, daidai saman gadon Kaka. Wanda ya zuba simintin ya ɗaga bakin indararon da kaurin yatsa biyu. Muna kallo ruwan ya fara raguwa. Na durƙusa na ga tsaga siririya kamar gashi tana shanye shi.

"Ƙasa na shan ruwa ta kumbura," in ji tsohon, "rana ta hito ta tsotse, ta koma yadda take. Siminti ba shi kumbura tare da ita, sai shi tsage. Ruwa shi shiga ta tsagar. Rana ta zo ɗaukar abinta, ta ishe an ruhe ƙohwa."

Na karanta wannan a littafi da dogayen kalmomi, na rubuta a jarrabawa, na ci. Ban gane shi ba sai a ranar, da buta a hannuna.

Magidanta biyu da suka biyo shi a baya suka sa diga suka fara ɓamɓare simintin. Yana tashi falle-falle, don bai ma kama ƙasar ba. Da aka ɗaga babban falle na tsakiya, wani ƙamshi ya bugo ni, ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko. Wata shida ba a yi ko yayyafi ba, rijiyoyi sun ja, ganye ya ƙone, amma ga ƙasa a jiƙe sharkaf, baƙa, har da fararen saiwoyi sirara da suka tsiro cikin duhu. Na cusa hannuna ciki na ji sanyi. Ruwan bara ne, yana nan bai tafi ko'ina ba. Na ji tsoro, kuma na ji wani irin mamaki da ban san sunansa ba, cewa abu mai laushi kamar ruwa yana da wannan haƙuri.

Aka kwashe ƙasar aka sauke ta ƙasa, ba a zubar ba, aka baza ta a rana. Zanar da ke ƙarƙashi ta ruɓe ta zama gari. Da azara ta bayyana, tsohon ya ce kowa ya matsa. Ya faɗa mana gaskiya tun kafin ya fara: idan ruɓa ta kai ga manyan huɗun nan na tsakiya, sai an sauke rufin duka, kuma ba mai iya tayar da shi kafin ruwa. Baffa ya dube ni, na dubi ƙasa. Daga sama ina hango Kaka a inuwa, ba ta ɗago kai ba, hannunta na ta ɓare gyaɗa. Ba ta bar wannan aiki ba tun zuwanmu, kamar mai gaya mana cewa bana ma a nan za ta yi shuka.

Ya zaro wuƙa ya riƙa soka bakinta a jikin itacen. Gajeru biyu, wuƙar ta nutse cikinsu kamar cikin dafaffen rogo. Ya ja su ya jefar. Ya matso kan manyan. Ya soka ta farko, wuƙar ta zame. Ta biyu haka. A ta uku bakin wuƙar ya ɗan shiga. Ya kankare wurin a hankali, ɓawon da ya jiƙa ya fita, sai ga baƙin itace a ƙasa da jijiyoyinsa a miƙe kamar wayoyin ƙarfe. Ya buga da ƙotar wuƙa, ta yi ƙara tsaf. Ta huɗu ma lafiya.

"Namijin giginya ne," ya ce. "Kakanki da kai nai yaz zaɓe shi. Mace ba ta kai haka." Ya leƙa ƙasa ya ɗaga murya. "Inna, ɗakinki na nan."

"Na sani," in ji Kaka.

Azara biyu da za a maye gurbi ba su ba da wahala ba. Ashe dogon itacen da ake zama a kai a ƙofar gida tun muna yara ragowar ginin ne, kakana ya ajiye. Makuba ce ta zama aiki. Matan ƙauyen yanzu kalwa kawai suke cirewa don daddawa, ɓawon su zubar ko su hura wuta da shi. Abin da muka tara gida-gida bai cika buhu ɗaya ba, tsohon kuma ya ce shida yake so. Aka ce mu gwada kasuwar bakin iyaka, gobe take ci.

Kasuwar ta cika da harsuna. A taki goma za ka ji Dendi da Hausa da Fulatanci da ɗan Faransanci, mai albasa kuma tana karɓar naira da sefa ba ta ko ɗaga kai. Ga fetur a kwalabe, ga atamfa, ga bandar kifi an jera kamar tubali. A layin masu kalwa Baffa ya yi wa wata dattijuwa bayani da Dendi. Ta dube ni daga gilashi har takalmi, ta fashe da dariya, ta kira maƙwabtanta su zo su ga 'yar Birni da ta bar tsaba ta zo sayen ɓawo. Da ta ji don soron tsohuwa ne sai dariyar ta sauya. Ta ce uwarta ma a soro ta rasu. Ta bar wa wata kayanta, ta ce mu biyo ta.

Mun bi wata 'yar hanya ta cikin busasshen rafi zuwa tungarsu. Ban ga shinge ba, ban ga tuta ba. Wayata ce kawai ta yi ƙara, na duba na ga saƙon maraba da Faransanci, ashe mun shiga Benin. A tsakar tungar muka tarar ana baibayar jinkar rumbu a ƙasa. Mutum ɗaya yana zagayawa da ciyawar da aka saƙa doguwa, ya fara daga gindi yana hawa, kowane zagaye ya rufe kan na ƙasa da shi, ta yadda ɗigon ruwa zai sauka daga tsinke zuwa tsinke har ya faɗi waje bai sami ƙofa ba. Da ya ɗaure ƙoƙuwar, maza takwas suka shiga ƙarƙashi suka ɗaga. Sai ga rufi na tafiya da ƙafafu goma sha shida, yana rangaji a cikin rana kamar zinariya, har aka kifa shi a kan rumbu. Na manta abin da ya kawo ni.

Ɓawon na bayan ɗakin dattijuwar, tuli guda, na bana. Ta ce na bara ba ya da ƙarfi. Ta ɓalli ɗan guntu ta sa ni in tauna. Bauri ya ɗaure min harshe. Ta ce haka ruwan zai ɗaure ƙasa, kuma in ruwan bai ɗaure harshe ba, kada a hau da shi. Kuɗin da ta karɓa bai wuce na sabulu ba. Muka ɗora buhuna a kan babura zuwa inda muka bar mota. But ɗin motar ya ɗauki uku, sauran ukun Baffa ya naɗe bargon mahaifiyata ya zaunar da su a kujerar baya, har ya ce in tambaye su ko iska ta yi musu yawa.

Kwana biyar da suka biyo baya sun haɗe min kamar yini ɗaya mai tsawo. Tsofaffin ƙawayen Kaka suka fito da turame suka daka ɓawon, suna tsokanar juna a kan wadda hannunta ya mutu. Aka jiƙa shi a manyan randuna har ruwan ya koma kamar shayin da aka manta a wuta. Kowace safiya tsohon ya miƙo min ludayi in ɗanɗana, yana dariyar yadda nake yamutsa fuska. Ƙasar da aka sauke, ita ɗin dai da kakana ya ɗora, aka ƙara mata sabuwa da yankakkiyar ciyawa, aka tattake da ƙafa. Aka shimfiɗa sabuwar zana a kan azara, aka riƙa miƙa ƙasa curi-curi. Tsohon ba ya da ma'auni. Tafin ƙafarsa yake ja a kan rufin, ya ce a ƙara nan, a rage can. Indararon ya cire shi ya sake dasawa ƙasa-ƙasa, bakinsa ya fita nesa da bango, ya sa aka ajiye faffaɗan dutse inda ruwa zai faɗi don kada ya ci gindin ginin. Sai daɓe. A yayyafa makuba, a bi da madaɓi, a bari ya sha iska, a sake. Kowane zagaye rufin na ƙara duhu da santsi, har ya soma ƙyalli kamar bayan tsohuwar tukunya.

A rana ta huɗu da fara aikin hadari ya haɗu a gabas, rufin bai gama bushewa ba. Tsohon ya tsaya da madaɓi a hannu yana kallon sama, bakinsa na motsi. Iska ta taso ta kwashi ƙura da ledoji, ta kaɗa mangwaro, hadarin ya bi ta kudu ya wuce. Aka koma daɓe. Ranar da aka gama ya sake ba ni buta. Na tsiyaya a wuri na farko. Ruwan ya tattara kansa, ya miƙe siriri kamar wanda aka kira da suna, ya bi ta indararo ya faɗa kan dutse. Baffa ya ce ya gani, amma buta ba damina ba ce, kuma yayansa ba zai karɓi shaidar buta ba. Muka zauna jira.

Ruwan ya zo kwana uku bayan haka, bayan la'asar. Gabas ta yi baƙi, tsuntsaye suka yi tsit, awaki suka ruga gindin danga. Muka shiga soron mu huɗu, ni da Kaka da Baffa da tsohon magini, wanda ya ƙi komawa Geza sai ya ga ƙarshen aikinsa. Sai aka saki ruwan kamar da bakin ƙwarya. Daga gidajen kwano na maƙwabta ƙara ta tashi kamar ana zuba tsakuwa. A cikin ɗakinmu kuwa shiru. Ban taɓa lura ba cewa soro ba ya ƙara a ruwa. Duk wannan nauyi na sauka a kanmu, ba ma jin komai sai muryar indararo a waje, ɗaya tak, mai kauri, tana zuba ba yankewa. Na ji kamar muna zaune a cikin tafin hannun da aka dunƙule.

Baffa ya kunna tocila ya bi azara ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe a saitin gado. Ya miƙa hannu ya shafa, ya duba yatsunsa, ya sake shafawa. A bushe. Kaka na zaune a kan gadon, ta miƙe ƙafa, tana jan carbi kamar ba da ita ake ba. Can a kusurwar gabas hasken ya tsaya a kan wani ɗan danshi kamar tafin jariri. Na nuna shi da yatsa. Tsohon ya tashi ya duba, ya ce ba daga rufi ba ne, iska ce ta buga ruwa a wata tsaga ta rawani, ɗan bangon da ya zagaye rufin. Ya ce aikin rabin safiya ne. Muka zuba wa wurin ido har ruwan ya tsagaita. Bai ɗiga ba, bai kuma faɗaɗa ba.

Da aka ɗauke, Baffa ya taka cikin caɓi zuwa tudun bayan gari inda ake samun sabis na waya. Ya dawo wandonsa a naɗe, ya tsuguna gaban Kaka.

"Inna, Yaya ya ce ki zauna. Amma ya ce duk bazara sai an hau an shahe, ba fashi."

"Da can wa yac ce a bari?" in ji ta, ta juyo ta dube ni ta gefen ido. Sannan ta kamo hannuna ta riƙe, ta daɗe ba ta saki ba.

Da safe aka liƙe rawanin. Kafin tsohon ya hau kabu-kabu na nuna masa littafin da na cika da rubutu da zane, kwana nawa ake jiƙa ɓawo, kaurin ƙasa, karkatar indararo. Ya jujjuya shi da ladabi ya mayar min.

"Ya yi kyau, ɗiyata. Amma ni ƙahwata ta kusa gajiya, kuma takarda ba ta jin gangare. Baɗi ki zo da wuri, ki cire takalmi."

Mun kamo hanyar gida ƙasa na tururi, mutane sun bazu a gonaki da sungumi. A kwana goma sha biyu duniya ta sauya launi. Kwara ta yi ja da ruwan tudu, ramukan hanya sun zama tafkuna, Baffa na ratsa su yana addu'a. Mun shiga Birnin Kebbi ana kiran magariba.

Abin da na koyo ba shi ne siminti mugun abu ba ne. Yana da wurinsa, kuma zan yi aiki da shi har ƙarshen rayuwata. Kuskurena shi ne na ɗauki hawan nan na kowace shekara a matsayin aibin soro, na so in kawar da shi. Ashe hawan yana cikin ginin, kamar yadda azara take ciki. Waɗanda suka gina shi sun san ruwa ba ya gajiya, sai suka yi rufin da za a riƙa dawowa gare shi, a taka, a saurara, a gyara tsaga tun tana ƙarama. Da na rufe shi, ba ruwa kawai na kulle ba, na ɗauke dalilin da ke sa a zo a duba tsohuwar da ke ƙarƙashinsa.

Da na miƙa hannu karɓar ruwan sha, mahaifiyata ta kama yatsuna ta juya su a haske. Makuba ta rina su ja-baƙi har cikin farce, sabulu ya kasa. Ta tambaye ni wace ce ta yi min wannan lalle marar tsari. Na ce mata zai fita kafin wata guda, kuma baɗi ma da shi zan dawo.